Katakon da bai sha hunturu ba: labarin wani tebur a Yamai

Mai teburin

Malamin lissafi ne a wata kwalejin gwamnati a Yamai, mai mata ɗaya da ƴaƴa huɗu, yana zaune a gidan haya na bulo mai rufin kwano. Katangarmu ɗaya, don haka yawancin abin da ke nan da idona na gani. Sauran na ɗebo su ne daga littafin da yake rubuta awonsa, wanda ya ba ni aro bisa sharaɗin in sakaya sunansa. Duk unguwa Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin makarantar boko a nan, ni ma haka zan kira shi.

Bai gaji kafinta ba, bai kuma taɓa zaman koyo a wurin kowa ba. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, zaman gida ya ishe shi, ya sayi zarto da guduma da mita, ya haɗa benci da ragowar katakon da magina suka zubar a bayan layinmu. Daga nan sai abin ajiye takalma, sai kantar littattafai, sai ƴan kujerun tsakar gida. Duka suna nan har yau, ko ɗaya bai tsage ba. Babu wanda faɗinsa ya wuce falanki guda a cikinsu, kuma katakon duk tsohon ajiya ne da ya daɗe yana shan rana.

Abin da gidan ya rasa shi ne tebur. Yara a duƙe suke aikin lakwal, wato makaranta, a kan tabarma, shi kuma a kan cinyarsa yake gyaran takardun ɗalibai.

Agusta 2021: tebur na farko

Malamin lakwal ba shi da lokacin kansa sai a babban hutu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, wato tsakiyar damina. A satin farko na Agusta ya shiga kasuwar Katako, can gefen Bukoki, ya zaɓi farin katakon nan da ake kira samba. Itacen dazuzzukan kudu ne: a Najeriya obeche ake ce masa, a Gana wawa, a Kamaru ayus. Ba shi da nauyi, zarto na cin sa ba wahala, ya kuma fi jan katako araha, shi ya sa mai koyo da shi yake farawa. Nijar ba ta da dajin da za a yanko irin wannan falanki, daga ƙasashen bakin teku manyan motoci ke hawo da shi. Wanda Mushe ya saya kwanansa uku da saukewa. Ya ce ya zaɓe shi ne don ya fi na gefensa haske, ko warinsa na ɗanyen itace bai gama fita ba.

Awon teburin: tsawo santimita 150, faɗi 90, tsayi 75. Samansa falanki uku ne, kowanne faɗin santimita 30 da kaurin 2.5, ya manne su gefe da gefe da farin gam. Don ya rufe bakin katakon a kai da ƙarshe, sai ya gitta wani siririn falanki a kowane ɓangare, ya shafe shi da gam daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya bi da ƙusa duk bayan santimita 10. Sannan ya ɗaure saman a jikin firam ɗin ƙafafu da ƙusoshin murɗawa 16, ya yi ta murɗawa har kawunansu suka nutse. Durowa ɗaya ya yi, ya fere ta daidai wa daida, tana shiga tana fita ba ko ƙara. Man ƙyalli, wato berni, shafi biyu a sama. Ƙasan bai shafa ba, tunda ba mai leƙawa. Kwana 12 aikin ya ci.

Ina cikin waɗanda suka kama masa aka shigar da teburin falo. Mu biyu muka hau kansa muka zauna, ko gezau bai yi ba.

Disamba 2021 zuwa Maris 2022: tsagewa da gyaran farko

Oktoba da Nuwamba sun wuce lafiya. A tsakiyar Disamba, da iskar hunturu ta kankama, durowar ta fara rawa a cikin gurbinta. Wani dare a satin farko na Janairu sai aka ji ƙara a falo, ƙas, kamar an karya rake. Uwargida ta ɗauka ɓarawo ne, ta tashe shi, ya zaga da tocila bai ga kowa ba. Da gari ya waye aka ga tsaga a falankin tsakiya, ta taso daga ƙarshen tebur ta shiga santimita 40, bakinta milimita 3. Ba a layin gam ta bi ba, tsokar katakon ce da kanta ta yage. Ƙarshen Janairu bakinta ya kai milimita 6, wata ta biyu ta buɗe a layin gam na hagu, milimita 4. Duk yaron da ya ɗora takarda a wurin, sai biro ya huda ta ya faɗa rami.

Gam ya fara zarga. A farkon Fabrairu ya kwaɓa garin katako da gam mai tsada ya cike tsagogin, ya ƙara ƙusoshin murɗawa 8, ya sa mai walda ya yanko masa ƙarfe fale-fale guda biyu ya gitta su a ƙasan saman, ya ɗaure tamau. Durowar kuwa ya manna mata siraran katako a gefe har ta daina rawa.

Sati biyar gyaran ya yi. A tsakiyar Maris cikon ya rabu da katako ta gefe ɗaya, tsagar farko ta kai milimita 9, ta biyu 5, sannan wata sabuwa ta fito daidai inda ƙusar ƙarfen ta kama.

Daminar 2022: abin ya juya

Da ruwa ya zauna a watan Yuli sai tsagogin suka fara rufewa da kansu. Inda babu ciko suka matse har kusan ɓacewa. Inda akwai ciko kuwa katakon ya matso shi ya turo shi sama, ya yi tudu kamar kunya a gona, yara suna ɓanɓare shi da farce. Falankin da aka gitta a ƙarshe ya saki ta kusurwa ɗaya, ƙusoshi biyu suka leƙo. Durowar da aka yi wa ƙari ta cije a Agusta da takardun haihuwar yara a ciki, sai da aka kwance bayanta aka fitar da su.

A nan Mushe ya yanke cewa katakon ne bai da kirki. Ya ce mai sayarwa ya haɗa shi da ruɓaɓɓen kaya. Mu ma ƴan majalisa muka taya shi, wani ya ce ai dama araha ba ta ado.

Satumba 2022 zuwa Janairu 2023: jan katako

Ya cire saman ya yanyanka shi ya yi kantoci a kicin. A tsakiyar Satumba ya sayo jan katako, sabon saukewa shi ma, a kan fiye da ninkin kuɗin samba. Jan katako suna ne na kasuwa, itatuwa iri-iri ne ake haɗawa a ƙarƙashinsa, abin da ya gama su launi ne da nauyi. Falanki uku, faɗin santimita 30 kowanne, kamar na farko. Wannan karon bai gitta komai a ƙarshe ba, don katakon bai isa ba. Ƙusoshin murɗawa 24. Berni shafi huɗu a sama, wai don kada iska ta samu hanyar shiga. Ƙasan nan ma ya bar shi tsirara.

A Janairu 2023 tsaga ɗaya ce kawai, siririya, milimita 2. Amma saman ya yi doro. Kowane falanki tsakiyarsa ta taso kamar bayan kunkuru, in ka gitta rula a kai sai ka ga sararin milimita 7 a ƙarƙashinta ta gefe. Ƙusoshi biyu suka tsinke, firam ɗin ya murɗe, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Kofin shayi in an ajiye sai an nemo masa wurin tsayawa.

A wannan watan ne na ga ya karaya. Ya je ya tambayo kuɗin teburin ƙarfe. Uwargida ta ce masa a gabana, "Malam, kuɗin da ka zuba a katakon nan da yanzu tebur biyu muka saya. In ba zai yiwu ba a haƙura." Bai ce komai ba, ya kwashe zarto da guduma ya sa a buhu ya tura ƙarƙashin gado.

Fabrairu 2023: dattijon bayan injin

Ya ɗauki jan katakon ya kai wurin masu injin fere katako, ko za a iya kwantar da doron a samu na sayarwa. A bayan rumfar injin akwai wani dattijo kafinta, mutumin Tawa, wanda ke haɗa ƙofofi. Ya dubi falankan, ya juya su, ya ƙirga ramukan ƙusa da yatsa.

"Mushe, yaushe ka sayi katakon ga?"

"Baba, cikin Satumba."

"Yaushe ka haɗa shi?"

"Satin da na saya."

"To ai bai sha hunturu ba. Kuma ka ɗaure shi tamau. Abin da ke son tafiya in ka ɗaure shi da gajeriyar igiya, ko igiya ta tsinke ko turke ya tuge. Ƙyauren ɗakinka da damina ba sai ka sa kafaɗa yake rufuwa ba? Da hunturu fa, ba har haske kake gani ta gefensa ba? Kai da ke koya wa yara awo, ka taɓa auna shi?"

Mushe ya ce wannan tambayar ta ƙarshe ce ta kama shi. Dattijon ya nuna masa saman rumfarsa, inda ya jera falankai da ƴan sanduna a tsakaninsu, kowanne da alli an rubuta watan da aka saye shi. Ya kifar da wani tsohon tebur da yake aiki a kai, ya nuna masa cewa ramukan ƙusoshin dogaye ne, ba zagayayyu ba. Da Mushe ya tambaye shi me ya sa kayan ɗakin amare da yawa ke tsagewa in dai kafintoci sun san haka, sai ya ce sanin ba shi ne ya yi ƙaranci ba: mai aurar da ɗiya ranar biki yake dubawa, ba ya jiran hunturu, kafinta kuma ba shi da jarin da zai jingine katako wata shida.

Jan katakon da aka fere doronsa ya koma milimita 17, ya yi sirara da yawa. Ya ajiye shi don wani aikin.

Maris zuwa Agusta 2023: awo

Bai sayi komai ba a wannan tsakanin. Ya ɗauko guntun samba da ya rage daga teburin farko, wanda aka yanka a kan milimita 300 cif, ya riƙa auna faɗinsa da tsawonsa ranar farko ta kowane wata. A Maris faɗin 294 ne. A Yuni 295. A Agusta 298. Tsawon bai motsa ba ko kaɗan.

Ya kuma koma karatu, abin da ya samu ya yi daidai da guntun katakonsa. Katako yana shan danshin iska yana kuma amayar da shi har sai sun daidaita, komai daɗewarsa da sarewa. Idan ya sha ya kumbura, idan ya amayar ya tsuke, amma a faɗi da kauri kawai. A tsawo motsin bai taka kara ya karya ba. A Yamai danshin iska yakan haura kashi 70 cikin 100 a Agusta, ya faɗo ƙasa da kashi 20 a Fabrairu da Maris. Katakon da ya zauna a iskar Agusta ruwan cikinsa yakan tsaya wajen kashi 13 zuwa 15, na iskar Maris kuwa kashi 4 zuwa 5. Bidiyoyin kafintocin Faransa da ya koyi aiki da su suna magana ne a kan gidajen da katako ke zama tsakanin kashi 8 da 12 duk shekara. Namu lilon ya ninka nasu.

Da wannan ya yi lissafin teburin farko. Falanki uku, kowanne ya so ya rage milimita 6, jimla 18. Siririn falankin da ya gitta a ƙarshe, da firam, da ƙarafan mai walda, duk a tsawonsu suke kwance, ba sa raguwa. Ya tara faɗin tsagogin da ya auna a Maris 2022, ya samu kusan wannan adadi.

Agusta 2023 zuwa Maris 2024: shanya

Ɗaukar adashinsa ta faɗo a ƙarshen Agusta, lokaci mafi muni. Ranar 26 ga Yuli sojoji sun karɓi mulki, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, an rufe iyakokin Benin da Najeriya, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar. Katako ya yi wuya ya yi tsada. Kuɗinsa ba su kai ga jan katako ba. Dole ya koma ga samban da ya yi rantsuwar ya bari, daga kayan da suka shigo kafin rufe iyaka, waɗanda ke jibge falle kan falle. Ya sayi falanki biyar, tsawon santimita 160.

Ya yanki ɗan guntu daga ɗaya ya auna a sikelin ɗakin gwaji na lakwal: giram 238. Ya sa shi a tukunya mai yashi bisa garwashi kaɗan, yadda mata ke gasa kek, yana aunawa yana mayarwa har nauyin ya daina sauka a giram 200. Ruwan giram 38 a kan busasshen katako giram 200, kashi 19 cikin 100 ke nan.

Ya jera falankan a rumfar bayan kicin, inda rana ba ta dukansu kuma iska ba ta bugunsu kai tsaye, da sanduna masu kauri ɗaya a tsakani duk bayan santimita 40, ya danne saman da bulo shida. Bakin kowane falanki ya shafe shi da ragowar fenti, don ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa.

Kuskure biyu ya yi a nan. Bakin falanki ɗaya fentin bai kai gare shi ba, a Nuwamba ya tsage santimita 8. Wannan da sauƙi, tunda ya bar rarar tsawo. Na biyun ya fi ciwo. Sandunan ƙasa a kan turɓaya ya ɗora su, samba kuwa abincin gara ne. A tsakiyar Oktoba ya ɗaga jerin ya tarar gara ta gina hanyarta ta laka ta shiga falankin ƙasa ta cinye cikinsa, ta bar fata kawai, yatsa na nutsewa. Ya ƙone shi, ya sake jerin a kan bulo biyu-biyu, kowane tsibin bulo a cikin faranti mai baƙin man inji, ya kuma janye shi daga jikin katanga. Garar ba ta dawo ba.

Falanki ɗaya ya ware yana kai shi sikelin mai shagon layinmu. Ranar 27 ga Agusta giram 4,760. Ƙarshen Oktoba 4,440. Ƙarshen Disamba 4,280. Tsakiyar Fabrairu 4,210. A Maris ya tsaya a 4,200 sati uku a jere. Fiye da rabin lita na ruwa ya fita daga falanki guda.

Maris zuwa Afrilu 2024: haɗi na uku

Ya kai falankan huɗu inji aka tsaga kowanne gida uku, ya bar su sati guda su huce, don katako in an tsaga shi yakan ɗan karkace. Biyu suka karkace da yawa ya ware su. Goman da suka rage ya fere su da rabo, wato abin fere katako na hannu, kowanne faɗin santimita 9. Wajen jerawa ya riƙa duban zoben da ke bakin kowane ɗaya, wannan bakansa ya dubi sama, na kusa da shi ya dubi ƙasa, ta yadda in ɗaya ya so lanƙwasa nan, maƙwabcinsa ya ja can.

Mannawar farko ta lalace. Da azahar ya yi ta, cikin zafin ƙarshen Maris, ya shafa gam a duka goman lokaci guda. Kafin ya kai na ƙarshe na farkon ya yi fata ya bushe, da ya matsa bai kama ba. Sai da ya kankare ya sake ferewa. Azumi ake yi a lokacin, sai ya mayar da aikin bayan sallar asuba, yana manna biyu-biyu, yana naɗe su da robar tiyub ɗin mota da ya yanka zare-zare, tunda ƙarfen matsi biyu kawai gare shi. Na sha jin motsinsa ta katanga kafin gari ya yi haske. Kwana tara kafin saman ya zama ɗaya.

Wajen ɗaurawa ne aikin ya bambanta ƙwarai da na baya. A cikin firam ya manna ƴan tubalan katako. Biyu na tsakiya, ɗaya a kai ɗaya a ƙarshe, ramukansu zagayayyu ne, ƙusarsu a ɗaure tamau, su ke hana saman zamewa. Sauran takwas ramukansu dogaye ne, santimita 2, a miƙe ta faɗin tebur, kowace ƙusa da ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashin kanta, an murɗa ta har ta kama amma ba a shaƙe ta ba. Da yake a Afrilu katako na kan iyakar tsukewarsa, abin da ya rage masa sai kumbura, ya sa kowace ƙusa a bakin ramin ta ɓangaren tsakiya, ya bar mata fili ta waje. Ƙusoshi 10 ke nan a maimakon 24. Bai gitta komai a ƙarshe ba. Berni shafi uku a sama, uku a ƙasa, bakin katakon kuma har sai da ya ƙoshi ya daina sha.

Durowa sabuwa ya yi. Da ya je gaida dattijon ya tambaye shi sararin da zai bari, sai ya ce, "Wadda ka yi da rani, bar mata kaurin tsabar dala ashirin guda biyu a sama. Wadda ka yi da damina, matse ta." Haka ya yi. Ƙafafun teburin ya sa musu takalmin roba don ruwan goge ɗaki. Ranar da ya gama, faɗin saman milimita 900 ne. Ya shiga ƙarƙashi ya zana layin fensir a gefen kowane faifan ƙarfe.

Daminar 2024 zuwa Fabrairu 2025: sakamako

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawan gaske, ambaliya ta yi ɓarna a sassan ƙasar har aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Bangon falon Mushe ya jiƙe har gwiwa. Faɗin saman ya kai 908 a ƙarshen Agusta, 911 a tsakiyar Satumba. Ya kira ni na shiga ƙarƙashin teburin da tocila, na ga faifan gefe sun bar layin fensir da kusan milimita 5 kowane ɓangare. Saman yana nan shimfiɗe, rula ta kwanta ba sarari. Durowa ta ɗan yi nauyi amma hannu ɗaya ke jawo ta.

A Nuwamba aka ga ƴan ramuka kamar na allura a falle ɗaya, da gari fari a ƙasa. Ƙwaron katako ne. Ya ɗura musu kananzir da sirinji sau uku, garin ya daina zuba.

A Fabrairu 2025 faɗin ya dawo 901. Babu tsaga, babu doro, layukan gam tara duk a rufe.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina dogon ramin ƙusa ne ya fi komai. Katakon da ya yi wata bakwai yana bushewa, aka shafe shi ciki da bai, duk da haka ya yi tafiyar milimita 11 a damina ɗaya. Da an ɗaure shi irin ɗaurin farko, da bushewar ba ta cece shi ba, sai dai ɓarnar ta sauya lokaci: a maimakon ya tsage da hunturu, ya banƙare ko ya ɓalle firam da damina. Duk gyaran da Mushe ya yi a 2022, ƙarin ƙusa da ƙarfe da ciko, ƙara ɗaure abin da ɗauri ya yaga ne, shi ya sa kowane gyara ya haifi sabuwar tsaga.

Shanya ce ta biyu. Ita ta cire babbar raguwar nan ta farko, daga kashi 19 zuwa 5, wadda katako ke yi sau ɗaya, ta kuma ba falankan da za su karkace damar su nuna halinsu tun kafin a shafa musu gam. Tsaga falanki zuwa sirara da shafa berni a fuska biyu su suka yi maganin doro. Berni ba ya hana danshi shiga, jinkirta shi yake yi. Idan fuska ɗaya ce aka shafa, ƙasa ta riga sama bushewa ta tsuke ta bar ta, abin da ya sami jan katakon ke nan.

Irin itacen, wanda muka fi ɗora wa laifi, shi ne mafi ƙarancin laifi. Irin samban da ya tsage a 2022 shi ne ya zauna a 2024. Raunin samba na gaskiya gara ce da ƙwaro da taushi, biro ma in an danna yana barin sawu, kuma wannan raunin yana nan. Mai sayar da katakon bai cuci kowa ba. Ɗanyen katako ya sayar a matsayin sabon saukewa, Mushe kuma sabon ya nema da bakinsa. Na so a ce mu ƴan majalisa mun yi shiru a lokacin, don zugarmu ce ta kai shi ga asarar jan katako.

Akwai dalilin da ya sa wannan sani bai zama ruwan dare a gidajenmu ba. Masassaƙanmu na gargajiya daga gungume ɗaya suke fitar da turmi da akushi da kujerar tsugunno, babu wani katako da ke gitte da wani, duk jikin tare yake tsukewa tare yake kumbura. Azarar giginya kuma a tsawonta take aiki. Faffaɗan falanki da aka haɗa da firam baƙon aiki ne, ya zo da katakon da aka yanka a ƙasar da iskarta ke da laima duk shekara.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda kalandar aikinsa ta yi masa tarko sau biyu. Hutun da ya ba shi lokaci shi ne watannin da katako ya fi jiƙa. Yanzu ya raba aikin gida biyu: saye da jeri a babban hutu, yanka da haɗi a ɗan hutun ƙarshen Maris. Akwai falanki shida a rumfar bayan kicin, kowanne da alli an rubuta Satumba 2024, na kabad ɗin kayan uwargida ne. Firam ɗin ƙofofin da jan katakon nan mai milimita 17 zai yi shi, cikinsu kuma filawud, wanda fallayensa ke gitte da juna don haka ba ya tafiya. Ta tambaye shi ko zai samu kafin Babbar Sallah, ya ce sai abin da sikelin mai shago ya faɗa.